Cikin fari: yadda za ku shirya wa jaririnku tun daga awo har sati shida bayan haihuwa

Ranar da aka sallame mu daga asibiti da 'yata ta fari, muna shiga ɗaki na kwantar da ita a gado, ni da babanta muka tsaya a kanta muna kallo tana barcinta, can ya juyo ya ce min, "To yanzu me ake yi?" Wallahi ban da amsa. Kaya kam mun saya, riguna da safa da huluna har ba wajen ajiyewa, amma a cikinmu babu wanda ya san sau nawa ya kamata ta sha nono a rana, ko wane kalar kashi ne na lafiya, ko zafin jiki ya kai nawa za a ce a ɗauki mota a tafi asibiti. Shi ya sa yanzu duk wadda ta ce min tana da cikin fari, bayan na yi mata fatan sauka lafiya, abin da nake ce mata shi ne ta rage lokacin da take ɓatawa wajen zaɓen kaya, ita da mijinta su zauna su koyi rarrabe abin da za a yi haƙuri da shi a gida da abin da ba a kwana da shi. Wannan rubutun na ku biyu ne, ke da shi, don haka malam kar ka ce na mata ne ka wuce.

Awo

'Yar uwa ki fara awo da wuri, kar ki jira sai ciki ya fito. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga adadin zuwa awo daga sau 4 zuwa aƙalla sau 8, kuma na farkon ana so ya kasance cikin sati 12 na farko. Dalilin da ya sa aka dage haka shi ne manyan matsalolin ciki ba sa sallama kafin su shigo. Hawan jinin masu ciki yana tasowa ne bayan sati 20, kina iya jin kanki garau alhali awon jininki ya kai 140/90 ko ya wuce, sai an ɗaura miki abin awo an duba fitsarinki sannan a gane, kuma shi ne idan aka yi sake yake kaiwa ga jijjiga.

Za a ba ki maganin ƙarin jini da folik asid. Shi folik asid ɗin, maikirogiram 400 a rana, babban aikinsa a satittikan farko ne lokacin da laka da ƙwaƙwalwar jariri ke haɗuwa, shi ya sa ma ake so a fara sha tun kafin a samu cikin. Maganin ƙarin jinin kuma yana sa bayan gida ya yi baƙi, wata ma ya yi mata tauri, mata da yawa sai su tsorata su daina sha a ɓoye. Kar ki daina, ki gaya wa nas, akwai yadda za su sauya miki. Jinin da kike tarawa yanzu shi za ki dogara da shi ranar haihuwa.

Ki tambayi rukunin jininki ki riƙe shi a ka. Idan aka ce miki naki Rhesus negatif ne, akwai allurar anti-D da ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa idan jaririn fozitif ne, wannan allurar cikinki na gaba take karewa, kuma a cikin hidimar haihuwa ana iya mantawa, to ke da mijinki ku tuna musu. A yi gwajin HIV da ciwon hanta na B da tunjere, ba zargi ba ne, dukkansu idan an gano da wuri ana iya kare jariri. A yi allurar tetanus, a yi sikanin aƙalla sau ɗaya kafin sati 24. Magani kuma ko wane iri ne, na kanti ko na haɗi, kar ya shiga bakinki sai likita ya ce eh.

Ranar haihuwar da aka rubuta miki a kati ƙiyasi ce kawai. Ana ƙirga sati 40 ne daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe, kuma daga sati 37 har zuwa 42 duk lokacin haihuwa ne, jarirai kaɗan ne ke zuwa daidai ranar da aka rubuta, cikin fari ma ya kan ɗan gota. Na faɗi haka ne don na san yadda waya ke damun mutum idan ranar ta wuce, kowa "har yanzu shiru?" Idan kin shiga sati 41 ki koma asibiti su duba su yanke shawara, sauran surutun ki toshe kunne.

Motsi kuwa, mai cikin fari ta kan fara ji wajen sati 18 zuwa 20, da farko kamar iska ce ke yawo a ciki. Da tafiya ta yi tafiya za ki san tsarin ɗanki, lokacin da ya fi motsi da lokacin da yake lafawa. Maganar da ake cewa wai jariri yana rage motsi idan haihuwa ta kusa saboda waje ya yi masa kaɗan, kar ki yarda da ita, salon motsin ne ke canzawa amma ba ya ɗaukewa. Ranar da kika ji ya ragu a ranar za ki je, ko da tsakar dare ne. Daga sati 28 kuma ki riƙa kwanciya barci a gefe, ba rigingine ba, ki sa filo a tsakanin gwiwoyinki za ki ji daɗi.

Laulayi da ƙwannafi da ciwon baya da yawan fitsari da ɗan kumburin ƙafa da yamma, duk waɗannan wahalar ciki ce da aka sani. Amma akwai waɗanda ba a jira a ga gari ya waye: zubar jini ko kaɗan ne, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa farat ɗaya, zazzaɓi, ciwon ciki mai tsanani da ba ya lafawa, ruwa ya ɓalle, jijjiga, da raguwar motsi. Malam kai ma ka haddace su, don ranar da abin zai faru ita ba lallai ta iya yanke shawara ba.

Zaman da ya kamata ku yi kafin wata na takwas

Wannan zaman a wajena ya fi duk wata siyayya. Ku zauna ku biyu ku amsa tambayoyin nan tun hankali yana kwance. A wane asibiti za a haihu, kuma suna aiki da dare, suna da ɗakin tiyata da jini ko sai sun tura mutum wani wuri? Idan naƙuda ta tashi ƙarfe biyun dare da wace mota za a tafi, idan maigida ba ya gari wa za a kira? Wa zai zauna da ita a ɗakin haihuwa, kuma wannan ita za ta zaɓa, mutumin da take sakewa da shi. Wa zai iya ba da jini idan an buƙata? An ware kuɗin ko-ta-kwana daban da na kaya?

Sannan ku yi maganar tiyata, duk da na san ba wanda ke son jin ta. Wani lokaci jariri ya kan kwanta a gicciye, ko mabiyiya ta tare hanya, ko naƙuda ta yi tsawo bugun zuciyarsa ya fara sauka, a irin wannan yanayin mintoci ake ƙirgawa, kuma abin da ya fi cin lokaci shi ne a tsaya ana kiran wane da wane ana neman izini. Ku gama wannan shawarar tun yanzu, cewa idan likita ya ce aiki za a yi to a sa hannu. Wadda aka yi wa aiki ta haihu, haihuwa cikakkiya, kar kowa ya sa mata wani tunani a rai.

Jakar asibiti ta zama a shirye zuwa sati 36: katin awo a sama, kayan sawarki masu buɗewa ta gaba, audugar mata manya da yawa, zannuwa, cajar waya, sai kayan jariri kala uku ko huɗu, hula, safa, famfas, tawul da abin rufa. Kar ku cika sayen ƙananan kaya, cikin 'yan satittika za su matse shi. Abu ɗaya da ake mantawa kuma ya fi rabin kayan amfani shi ne ma'aunin zafin jiki, ku saya ku koyi amfani da shi tun kafin a haihu.

Naƙuda

A watannin ƙarshe ciki zai riƙa ɗaurewa yana saki, ba tsari, idan kin canza kwanciya ko kin ɗan zaga sai ya lafa, wannan gwaji ne jiki ke yi. Naƙudar gaske tana da tsari, tana ƙara ƙarfi, tazarar tana raguwa, kuma duk yadda kika juya ba ta fasawa, sau da yawa daga baya take farawa ta zagayo mara. Kina iya ganin wani abu mai yauƙi da ɗan jini-jini, alama ce bakin mahaifa ya fara shiri. Malam nan aikinka ya fara, ka ɗauki waya ka riƙa rubuta lokacin da ciwon ya taso da lokacin da ya sake ta. Idan ya koma duk minti 5, yana ɗaukar kusan minti ɗaya, kuma an yi awa guda a haka, ku kama hanya, idan asibitin da nisa ku tafi tun kafin nan. Idan faya ta fashe kuwa ku tafi ko babu ciwo, ki sa auduga ki lura da kalar ruwan, idan kore ne ko ruwan ƙasa ki faɗa da zarar kin isa, yana nufin jaririn ya yi kashi a ciki.

Bakin mahaifa sai ya buɗe santimita 10 kafin a ce ki yi nishi. Farkon buɗewar shi ne mai jan rai, a cikin fari yana iya cin yini har da kwana, daga santimita 5 zuwa 10 kuma yawanci ba ya wuce awa 12. Don haka idan aka duba aka ce miki 2 ne bayan kin sha wuya kar gwiwarki ta yi sanyi, haka na farko yake. Ki zaga idan kina iyawa, ki jingina, ki durƙusa, ki sha ruwa, ki riƙa yin fitsari, ki ja numfashi ta hanci ki sake shi a hankali ta baki. Kar ki fara nishi kafin ungozoma ta ce, za ki gajiyar da kanki ki kumbura bakin mahaifa. Ki tambayi abin rage ciwo idan kina so, ba gazawa ba ce. Wanda ke tare da ke ya danna miki ƙugu da tafin hannu lokacin da ciwon ya taso, ni dai wannan ne ya fi taimaka min.

Tun kafin ranar ki gaya wa ungozoma abin da kike so a awa ta farko, idan ke da shi kuna lafiya: a goge shi a ɗora miki a ƙirji fata da fata a rufe ku tare, a ɗan jinkirta yanke cibiya minti 1 zuwa 3 don sauran jinin ya gama shiga jikinsa, a sa shi a nono cikin awa ɗaya, wanka kuma a bari sai bayan awa 24. Jikinki ne ke ɗumama shi, tsotson da yake yi kuma yana sa mahaifa ta tsuke jini ya ragu. Kafin a sallame ku ki tabbatar an yi masa allurar bitamin K da rigakafin ciwon hanta na B wanda ake so cikin awa 24, da duk wanda ke kan katin rigakafi na ranar haihuwa. Kar ku yi gaggawar tafiya gida, a yi awa 24 a asibiti, don zubar jini mai haɗari ya fi zuwa a wannan tsakanin.

Shayarwa, inda aka fi shan wuya

An ce min abu ne da yake zuwa da kansa, sai na tarar koyo ake yi, ni ina koyo ita ma tana koyo. Kwana biyu ko uku na farko abin da ke fita dakashi ne, ɗan kaɗan, mai kauri, ruwan ɗorawa, sai ki ga kamar ba komai, sai a fara ce miki ba ki da nono yaron yunwa yake ji. Cikin jariri a ranar farko bai wuce ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko biyu a lokaci guda ba, dakashin nan daidai shi ne, kuma cike yake da sinadaran kariya daga cuta, kar a matse a zubar. Wajen kwana na uku ko na huɗu nono zai kawo, ƙirji ya yi nauyi ya yi tauri, maganinsa a ci gaba da ba shi, idan ya yi tauri har ya kasa kamawa ki ɗan tatsa da hannu ya yi laushi.

Yadda ya kama nonon shi ne komai. Ki juyo da shi gaba ɗaya cikinsa ya manne da naki, kunnensa da kafaɗarsa da ƙugunsa a layi ɗaya, ki goga kan nonon a saman leɓensa ki jira ya wangale baki sosai kamar mai hamma, sannan ki jawo shi gare ki da sauri, ba ke za ki sunkuya ki kai masa ba. Idan ya kama daidai haɓarsa tana taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje, baƙin da ke kewaye da kan nonon ya fi fitowa ta sama, kumatunsa a cike, kuma za ki ji yana haɗiya. Idan kan nonon kaɗai ya kama zai yi ta ja ba ya samu, ke kuma ya tsattsage miki. Ni sai da na yi kwana biyar ina cije leɓe duk lokacin da za ta kama, har wata nas ta zauna kusa da ni ta gyara min riƙon da hannunta, a take na ji bambanci. Idan yana miki zafi har ƙarshen shan, ki sa ƙaramin yatsanki a gefen bakinsa ki cire shi ki sake sawa, kuma ki nemi wanda ya iya ya duba miki, kar ki yi ta daurewa.

Zai sha sau 8 zuwa 12 a awa 24, dare da rana, wani lokacin da yamma ya yi ta nema a jere kamar bai ƙoshi ba, wannan nacin shi ke ƙara yawan nonon don gwargwadon yadda aka cire gwargwadon yadda jiki ke ƙerawa. Kar ki jira kuka, idan ya fara juya kai yana buɗe baki yana tsotsar hannu ki ba shi. A satittikan farko idan barci ya ɗauke shi ya kai awa 3 zuwa 4 ki tashe shi ya sha.

Ta yaya za ki san yana ƙoshi tunda ba kya ganin abin da ke shiga? Ki ƙirga abin da ke fita. Daga kwana na biyar famfas 6 ko fiye masu nauyin fitsari a rana. Kashin farko baƙi ne mai danƙo, sai ya koma kore, zuwa kwana na huɗu ko biyar ya zama ruwan ɗorawa mai laushi da ɗan gudaji-gudaji, ba gudawa ba ce. Nauyinsa zai ɗan ragu a kwanakin farko, har kusan kashi 10 cikin 100 ana ganin haka, ya dawo nauyin haihuwa wajen sati biyu. Wata shida nono zalla, ko ruwa ba a ba shi, ko ana zafi, don fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon ruwa ne, ruwan da za a ɗura masa cika ɗan cikin zai yi ya hana shi shan nono, ga haɗarin ƙwayar cuta. Zuma kuwa sai ya cika shekara. Idan akwai dalilin da ya sa dole a ba shi madarar gwangwani, a bi ma'aunin da ke jiki daidai ba ƙari ba ragi, a tafasa ruwa, a tsabtace kwalba, kuma kar uwa ta ɗora wa kanta laifi.

Cibiya, shawara, da abubuwan da ke ba da tsoro

Cibiya tana bushewa ta faɗi da kanta cikin sati ɗaya zuwa biyu. A wanke hannu kafin a taɓa, a naɗe bakin famfas ƙasa da ita ta sha iska, kar a shafa komai sai abin da asibiti suka bayar, kar a gasa, kar a ja. Idan fatar da ke kewaye ta yi ja ta kumbura, ko tana wari tana fitar da mugunya, asibiti.

Akwai abubuwan da za su tayar miki da hankali alhali lafiya ce: atishawa, shaƙuwa, saɓar fata, tumbiɗi kaɗan bayan shan nono, numfashi ya yi sauri ya ɗan tsaya 'yan daƙiƙu ya ci gaba, nonon jariri ya kumbura mace ko namiji, jaririya ta fitar da ɗan farin ruwa ko ɗigon jini ta gaba. Kumburin nonon da abin da ke fita ta gaban nan, sinadaran jikin uwa ne da suka rage a jikinsu ke kawo su, za su wuce, kar a matsa nonon nan ko kaɗan. Maɗiga ma tana ɗan bugawa, haka take, sai wajen wata 18 take rufewa.

Ciwon shawara, wato fata da ido su koma ruwan ɗorawa, shi nake so ku sa wa ido. Jarirai da yawa suna yin ta daga kwana na biyu ko na uku, galibi ta wuce da kanta, amma idan ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwa kuma wannan ba ya gyaruwa. Tawa a kwana na huɗu na gane, a hasken ɗaki ban ga komai ba, sai da na kai ta bakin taga da safe na danna karan hancinta da yatsa na ɗaga, wajen ya fito ruwan ɗorawa, na duba farin idonta shi ma haka. Muka koma a ranar, aka auna jininta aka sa ta a ƙarƙashin fitila kwana biyu. Ku riƙa dubawa kullum a hasken rana cikin satin farko, ido da dasashi da ƙirji. Idan ta fito a awa 24 na farko, ko ta sauko har tafin hannu da tafin ƙafa, ko yaro ya yi laƙwas ba ya shan nono, ko ta wuce sati biyu, ko kashinsa ya yi fari, ba jira. Shanya jariri a rana ba ya maye gurbin fitilar asibiti.

Sauran alamun da ake tafiya nan take: zafin jiki 38 ko fiye a jaririn da bai kai wata uku ba, kar a ba shi maganin zazzaɓi a gida a ce a gani, ko jikinsa ya yi sanyi ƙasa da 35.5, ya ƙi shan nono, numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya yana kwance shiru, ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki, jijjiga, koren amai, ko ba ya motsi sai an taɓa shi. Ku koyi ƙirga numfashin, a ɗaga riga a kalli cikinsa a saita minti ɗaya a waya. Jariri sabon haihuwa ciwo yana cin sa da sauri, gara ku je a ce muku ba komai.

Barci da kuka

Yana barci awa 14 zuwa 17 a rana amma a gutsuttsure, bai san dare ba bai san rana ba tukuna. Kullum a kwantar da shi rigingine, a kan shimfiɗa mai tauri a miƙe, ba filo, ba tarin barguna, ba 'yar tsana, fuska a buɗe, a ɗakin da kuke kwana har wata shida. Tun da aka fara wayar da kan iyaye kan kwanciyar rigingine a shekarun 1990, mutuwar jarirai ta farat ɗaya a cikin barci ta ragu sosai a ƙasashen da suka yi hakan. Kar barci ya ɗauke ki da shi a kan kujera, nan ne ya fi haɗari. Kar a sha taba a inda yake. Kar a jibga masa kaya, ki taɓa ƙirjinsa ko bayan wuyansa, idan yana gumi a rage.

Kuka yana ƙaruwa daga sati biyu, ya kai ƙololuwa wajen sati shida, ya fara sauka a wata na uku zuwa na huɗu, kuma ya fi yawa da yamma. Ki duba yunwa, famfas, zafi ko sanyi, ki sa shi a kafaɗa ya yi gyatsa, ki rungume shi fata da fata, ki zaga da shi kina masa 'yar waƙa. Ɗaukar jariri ba ya sangarta shi. Wani daren duk za ki yi amma ya ƙi shiru, ki ji ranki ya fara ɓaci, to ki miƙa wa babansa, idan ke kaɗai ce ki kwantar da shi a gadonsa ki fita ƙofar ɗaki minti biyar ki sha ruwa ki dawo. Duk tsanani kar a girgiza jariri, wuyansa ba ƙwari, girgiza ta 'yan daƙiƙu tana iya sa jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa.

Mai jego

Da zarar an haihu idon kowa yana komawa kan jariri, ita kuma wadda ta yi aikin sai a bar ta da "sannu". Malam wannan ɓangaren naka ne. Jinin haihuwa yana iya kaiwa sati shida, yana raguwa yana canza kala daga ja zuwa ruwan ƙasa zuwa fari-fari. Idan tana jiƙa auduga cikin awa ɗaya, ko gudaji manya suna fita, ko jinin yana wari, ko zazzaɓi, ko ciwon kai mai tsanani don hawan jinin nan yana iya tasowa ko bayan an haihu, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi yana mata wuya, ka ɗauke ta ku tafi. Idan nono ya yi ja a gefe ɗaya da zafi da zazzaɓi, ta ci gaba da shayarwa a ga likita. Ana so a duba uwa da jariri a ranar farko, da kwana na uku, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da sati shida, ko suna jin lafiya.

Ka karɓi jaririn bayan ta shayar ka sa shi gyatsa ka canza famfas ta samu ta runtsa, ka ajiye mata ruwa da abin ci kusa da inda take zama, ka zama kai ne mai tsaron ƙofa. Masu zuwa barka su wanke hannu kafin su ɗauka, mai mura ko tari ya dakata, kar a sumbaci jariri a fuska, idan tana barci a ce tana barci. Shawarwari za su zo ta ko'ina, wasu daga mutanen da kuke jin nauyinsu, ita ba za ta iya musu ba a halin da take ciki, kai ne za ka ce cikin ladabi "an gode, bari mu tambayi likita."

Wajen kwana na uku zuwa na biyar mata da yawa suna tsintar kansu suna kuka ba dalili, ni ma na yi, ina riƙe da ita ina sonta ina hawaye. Sauyin sinadaran jiki ne da rashin barci, yana wucewa cikin sati biyu. Idan ya wuce haka, ba ta jin daɗin komai, ba ta iya barci ko jaririn ya yi barci, tana ganin ita ba uwar kirki ba ce, ko tunanin cutar da kanta ko jaririn yana zo mata, wannan ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, yana kama fiye da mace ɗaya cikin goma, yana da magani, kuma ba rashin godiya ba ne. Ka tambaye ta "ke ya kike ji?" ka yi shiru ka saurara, kar ka yi mata wa'azi, ka raka ta wajen likita. 'Yar uwa ke ma idan kin ji haka ki faɗa, kar ki haɗiye.

A zuwan sati shida ku tafi tare, da katin rigakafi don a lokacin wasu alluran ke biyowa baya a tsarin ƙasashe da yawa, da tambayoyinku a rubuce a waya don a gaban likita mantawa ake yi. Ku yi maganar tazarar haihuwa a ranar. Ana iya samun ciki tun kafin al'ada ta dawo, shayarwa tana karewa ne kawai idan jaririn bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba, ɗaya ya faɗi to kariyar ta faɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a jira wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin, jikinta ya mayar da abin da ya rasa.

A tsakanin nan ne kuma, sati shida zuwa takwas, zai fara yi muku murmushin gaske. Idonsa ya fi ganin abin da ke nisan santimita 20 zuwa 30, wato daga ƙirjinki zuwa fuskarki, don haka idan kina shayarwa ki ajiye wayar ki kalle shi ki yi masa magana, babansa ma ya matso da fuskarsa daidai wannan nisan.